Yadda Ake Kiwon Agwagwa a Gida, Daga Sayen Iri Zuwa Ranar Kasuwa

Tun da na ambaci cewa ina da agwagi a bayan gida, tambayoyi biyu ne suke ta dawowa ta bakin mutane daban-daban. Masu son farawa suna cewa, "Malam, ni fa ba ni da tafki kusa, zan iya kuwa?" Waɗanda suka riga suka gwada kuma kukansu ɗaya ne: uwa ta ƙyanƙyashe goma sha biyu, kafin wata ya zagayo saura biyu. Amsar duka biyun a kan ruwa take. Babbar agwagwa ba ta bukatar tafki, baho ya ishe ta. 'Ya'yanta kuwa, duk da cewa tsuntsayen ruwa ne, jiƙa da sanyi su ne suka fi komai kashe su. Ga yadda nake bin aikin, mataki-mataki.

1. Zaɓi iri

Agwagwar da muka saba gani tana yawo a unguwa, mai jan tsiro a fuska, ita ce Turawa ke kira Muskobi. Asalinta daga Kudancin Amurka da yankin Meziko ne, amma ta zauna da mu har ta zama 'yar gida. Ba ta da hayaniya, toron huci kawai yake yi. Tana nemo rabin abincinta da kanta, tana jure zafi, kuma uwa ce ta gari wajen kwanci. Ƙwanta yana ɗaukar kwana 35 kafin ya ƙyanƙyashe.

Akwai kuma na turawa masu yawan kuka. Farar Pekin ta nama ce, idan ta samu abincin buhu yadda ya kamata tana kai kusan kilo 3 cikin mako 7 zuwa 8. Kaki Kambel ta ƙwai ce, mai kyau a cikinsu tana iya kusantar ƙwai 300 a shekara. Ƙwan waɗannan kwana 28 yake yi. Matsalarsu ita ce ba su cika kwanci ba, sai ka nemi injin ƙyanƙyasa ko ka sa wa ta gida ƙwan.

Shawarata ga mai farawa: ya fara da ta gida. Duk abin da zan faɗa a ƙasa a kanta yake, sai inda na bambance.

Gargaɗi: kada ka haɗa toron gida da matan na turawa da niyyar samun iri. Za su yi barbara, za a samu 'ya'ya masu girma da nama, amma 'ya'yan ba sa haihuwa, kamar alfadari suke. Na yanka ne kawai.

Masu tambaya a kan dinya: ita mai kiwon ciyawa ce, tana son fili, kwancinta kusan kwana 30 ne, kuma ba ta yin ƙwai duk shekara. Tana da amfani wajen gadi don baƙo ba ya shigowa ba ta tada jama'a ba. A gidan haya ko tsakar gida mai yara ƙanana ban ba da shawararta ba, cizonta da dukan fiffikenta ba wasa ba ne.

2. Gyara wuri kafin ka saya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mutane da yawa sai sun dawo daga kasuwa da agwagi ɗaure a bayan babur sannan su fara tunanin inda za su kwana.

Don toro ɗaya da mata huɗu, ɗaki mai faɗin mita biyu da tsawon mita biyu ya wadatar. Ba sai na bulo ba, na ƙasa ko na langa-langa ya yi, muddin yana da rufin da ba ya yoyo, da tagar waya a sama don iska, da ƙofar da ke rufuwa gam. Daɓen ya fi tsakar gida tudu don kada ruwan damina ya shiga. Ka shimfiɗa ɓuntun shinkafa ko ƙaiƙayi ko askin katako, kaurin kamar yatsu huɗu. Kashin agwagwa ruwa-ruwa ne, ya fi na kaza jiƙa wuri nesa ba kusa ba, saboda haka duk inda ya jiƙe ka kwashe ka zuba sabo.

A kusurwoyin ɗakin ka tanadi gurbi, ɗaya ga kowace mace ko aƙalla ɗaya ga biyu. Tsohuwar taya da aka cika da ciyawa, ko fasasshiyar randa da aka kwantar, duk suna yi. Agwagwa tana son wuri mai duhu inda ba a ganinta. Idan ba ka ba ta ba, za ta je ta nemo a ƙarƙashin rumbun maƙwabci.

A gaban ɗakin ka kewaye ɗan fili da waya ko zana, tsayin mita ɗaya, da inuwa a gefe guda.

Gargaɗi: ka toshe duk wani rami da ɓera ko gafiya za su iya bi. Su ne manyan ɓarayin ƙwai da 'ya'ya da daddare. Kada kuma ka zuba maganin ɓera inda agwagi ke kaiwa, ba abin da bakinsu ke bari.

3. Tsara ruwa

Abin da agwagwa take bukata dole shi ne ruwan da zai rufe kanta gaba ɗaya idan ta tsoma. Da shi take wanke hanci da ido. Idan mazubin bai da zurfin haka, za ka ga idanun suna kwantsa, hancin ya toshe da dusa. Jarka mai lita 20 da aka yanke gefenta ta yi daidai: kai yana shiga, jiki ba ya shiga.

Na wanka daban. Babban baho ko rabin durom ya isa. Ka ajiye shi a waje, can nesa da ƙofar ɗakin kwana, a kan tsakuwa ko wurin da ruwa ke gangarewa. A ɗakin kwana kada ka sa wa manya ruwa ko kaɗan, kafin gari ya waye sun mai da shi fadama.

Ka zubar da ruwan wankan kullum, in ya yi tsanani bayan kwana biyu. Wannan ruwan taki ne, idan kana da zogale ko ayaba ko ɗan lambu, can za ka kai shi. Abin da ke haɗa mai agwagi faɗa da maƙwabta shi ne barin ruwan ya bi kwata ya kwanta a ƙofar gidan wani yana wari. Mafi yawan masu cewa agwagwa ƙazama ce, irin wannan kiwon suka gani.

4. Je ka sayo

Toro ɗaya yana iya da mata huɗu zuwa biyar. Kada ka ajiye maza biyu a ƙaramin wuri, faɗansu har jini, kuma matan ne ke shan wahala a tsakani.

Idan da hali ka saya a gidan mai kiwo, inda za ka ga iyayen da yadda ake kula da su. Idan kasuwa za ka je, ka sa a sauke tsuntsuwar ƙasa ta yi tafiya a gabanka. Duba ido ya zama garau, hanci a bushe, gashin ƙasan wutsiya babu kashi manne. Shafa ƙirjin: idan ƙashin tsakiya ya fito kamar wuƙa, ramammiya ce. Juya tafin ƙafa ka ga ko akwai kumburi. Wajen bambance jinsi ba wuya, toro ya kusa ninka mace a girma, ƙafarsa ta fi kauri, jan fuskarsa ya fi yawa. Ka nemi 'yan wata biyar zuwa shida, domin mace tana fara ƙwai ne wajen wata shida zuwa bakwai. Tsohuwar da fuskarta ta yamutse, ƙafarta ta yi kaushi, ko da araha ka bar ta.

Toron ka sayo shi daga wani gari ko wata unguwa daban da matan. Bayan shekara ɗaya ko biyu ka yi musaya da wani mai kiwo. Idan uba yana ta hawa 'ya'yansa, girman yana raguwa, bara-gurbi yana yawa.

Gargaɗi: ba a ɗaukar agwagwa ta ƙafa kamar kaza. Ƙafarta ba ta da ƙarfin haka, tana gocewa. Ka haɗa fukafukan biyu a jikinta ka rungume ta a hammata, ƙafafun suna kallon baya. Ka kiyayi faratanta, suna da kaifi sosai.

Gargaɗi na biyu: sabuwar da ka kawo ka keɓe ta mako biyu kafin ta haɗu da tsuntsayen gida. Ko babu kowa a gidan, ka kulle su na wannan tsawon don su san nan ne gida.

5. Rage fiffike

Toro ya cika nauyi, ba ya nisa. Matan kuwa suna tashi sosai, da safe sai ka gan su a kan katangar maƙwabci. Ka samu mai riƙe maka, ka buɗe fiffike ɗaya, ka datse dogayen gashin bakin fiffiken da almakashi, kamar rabin tsawonsu. Ɗaya kawai, don idan ka yanke biyun za ta ci gaba da tashi daidai. Kada ka taɓa sabon gashin da gindinsa ke da duhu, akwai jini a ciki. Gashin yana sake fitowa bayan ta zubar da tsohon, sai ka maimaita.

6. Abincin manya

Babbar agwagwa da ke kulle tana cin kusan giram 150 zuwa 200 a rana. Idan tana fita kiwo tana samun ciyawa da ƙwari da tana da dodon koɗi, za ka iya rage kusan rabi.

Haɗin da nake yi a gida shi ne: mudu uku na tsakin masara ko dawa, mudu uku na dusa, mudu ɗaya na soyayyen waken suya da aka barza ko tunkuza mai kyau, da ɗan garin busasshen kifi idan an samu. Masu ƙwai a ƙara musu garin ƙashi ko ɓawon ƙwai da aka gasa aka daka. Wanda ba ya son wahala ya sayi abincin kajin ƙwai na buhu ya cakuɗa da dusa. Ganye kuwa kada ya yanke: zogale, alayyafo, ragowar latas da kabeji daga wurin masu kayan miya.

Ka dama abincin da ɗan ruwa ya yi danshi, ba ya kwarara ba. Bakin agwagwa shebur ne, busasshen gari rabinsa a ƙasa yake ƙarewa, kuma yana shaƙe ta. Ka ba su safe da yamma, gwargwadon abin da za su cinye cikin rabin awa. Na yamman shi ne igiyar da ke jawo su gida da kansu.

Gargaɗi: duk hatsi ko tunkuza ko ƙuli-ƙulin da ya yi fumfuna, zubar da shi. Fumfunar gyaɗa da masara tana fitar da gubar da ake kira afalatoksin, tana lalata hanta, kuma a cikin tsuntsayen gida babu wanda ta fi saurin kashewa kamar ɗan agwagwa. Abincin da kaza za ta ci ta tashi, shi zai kwantar da shi. Dusar da aka sayar maka da araha don ta sha ruwa a shago, ita ce mafi tsada a ƙarshe. Ka sansana kafin ka biya, ka ajiye buhu a kan katako.

Ragowar tuwo da shinkafa suna ci, amma ban da mai tsami da mai gishiri da yawa.

7. Ƙwai da kwanci

Agwagwa da sassafe take yin ƙwai. Kada ka buɗe musu ƙofa sai wajen ƙarfe tara, in ba haka ba za ka yi ta neman ƙwai a bayan gari. Takan yi 10 zuwa 15, wani lokaci fiye, sannan ta fara tsige lallausan gashin ƙirjinta tana shimfiɗawa a gurbi. Da ka ga haka, kwanci ya zo.

Ka bar mata abin da jikinta zai rufe, 12 zuwa 15. Zaɓi masu tsabta, marasa tsaga, waɗanda ba su wuce mako ɗaya zuwa kwana goma ba. Kada ka wanke ƙwan da za a kwanta wa, akwai wani ɗan maiƙo a ɓawon da ke hana ƙwayoyin cuta shiga. In ya ɓaci ka goge da busasshen tsumma.

Ranar da ta zauna sosai, ka sa wa kowane ƙwai alama da fensir, ka rubuta ranar a bango. Dalili kuwa, sauran matan suna zuwa su ƙara nasu a gurbin. Duk wanda ka gani babu alama ka kwashe ka kai kicin, don ba zai ƙyanƙyashe tare da sauran ba, uwar za ta tashi ta bar shi.

Za ta riƙa fita sau ɗaya a rana ta ci, ta yi wanka, ta koma. Kada ka hana ta wankan nan. Danshin da take komowa da shi a gashinta ƙwan yana bukatarsa, musamman da hunturu da bazara lokacin da iska ta bushe. Idan ta fita takan lulluɓe ƙwan da gashi, saboda haka ko ta yi awa guda a waje hankalinka ya kwanta.

A kwana na goma, da daddare, ka haska kowane ƙwai da tocilar waya. Mai rai za ka ga jajayen jijiyoyi kamar saƙar gizo. Wanda yake fayau babu komai, cire shi. Ka sake dubawa wajen kwana 25: mai rai ya yi duhu sai ɗan sarari a gefe mai faɗi. Wanda ruwa ke kaɗawa a ciki ko yake wari bara-gurbi ne, ka fitar da shi a hankali kafin ya fashe ya ɓata sauran.

Gargaɗi: kwana 35 ne, ba 21 ba. Na sha ganin wanda ya saba da kaza ya ga an wuce mako huɗu shiru, ya ce ƙwan ya lalace, ya fasa ya tarar da ɗa da rai. Haka kuma daga lokacin da ɗan ya huda ɓawo zuwa fitowarsa yana iya ɗaukar kwana ɗaya zuwa biyu. Kada ka ɓare masa, jijiyoyin jini ba su gama janyewa ba.

Masu inji: zafi 37.5 a ma'aunin Salshiyas, a riƙa juyawa, a daina a kwana na 32 a ƙara danshi. Amma ƙwan agwagwar gida yana ba inji wahala, uwa ta fi shi iyawa.

8. Makonni huɗu na farko

Nan ne ake cin riba, nan ne ake asara.

Karona na farko uwa ta fito min da goma sha uku cikin watan Janairu. Don murna na bar su suna bin ta a tsakar gida, gwanin sha'awa. Da yamma ta shiga bahon wanka, suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Ita ta fito, su kuwa bakin bahon ya yi musu tsawo ga santsi. Kafin a lura biyar sun nutse, waɗanda aka tsamo kuma sun jiƙe sharkaf suna rawar ɗari, huɗu ba su kwana ba. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu da ta daɗe tana kiwo ta leƙo ta ga abin da ya faru, ta ce, "Ɗan nan, ai gashin jariri ne a jikinsu, auduga ce. Ka taɓa ganin auduga ta shiga ruwa ta fito a bushe?" Na ce, "Wallahi Inna, na ɗauka tunda agwagi ne sun iya." Ta ce iyo kam sun iya, fitowa da bushewa ne ba su iya ba.

Ga abin da nake yi tun daga ranar.

Da sun gama fitowa sun bushe, sai in kwashe uwa da 'ya'ya in kai su keɓaɓɓen wuri mai rufi, inda toro ba ya shiga. Toro yana tattake su, wani ma yana kashewa da gangan. Shirwa da hankaka da muzuru kuma duk suna jiran ranar da za ka sake su. Mako uku zuwa huɗu suke yi a nan ba fita.

Ruwan sha a faranti mara zurfi, a jera tsakuwa a ciki yadda baki zai shiga amma jiki ba zai samu wurin zama ba. Mazubin ruwan 'yan tsaki na roba shi ma ya yi. Ka ɗora shi a kan tire ko wani faifan waya don abin da suka fantsamar kada ya jiƙa shimfiɗa. Uwar kuma ka fitar da ita sau ɗaya a rana ta yi wankanta ita kaɗai.

Ruwa suke fara sha kafin abinci. Bayan nan, abincin 'yan tsaki na buhu, wanda masu shago ke kira sitata, a dama shi da danshi, sau huɗu ko biyar a rana a makon farko. Suna bukatar abinci mai gina jiki kashi 20 zuwa 22 cikin ɗari a mako biyu zuwa uku na farko, daga nan a sauko zuwa 16 ko 17. Tsakin gero zalla ba zai kai su ba. Idan buhu ya fi ƙarfinka, ka haɗa tsaki da dafaffen ƙwai da aka marmasa, da gara, da yankakken zogale. Duk lokacin da abinci ke gabansu dole ruwa ya kasance kusa, suna ci suna kurɓa ne. Abin da ya rage bayan sun ƙoshi a kwashe, jiƙaƙƙen abinci ba ya daɗewa yake tsami.

Ɗan agwagwa ya fi ɗan tsako bukatar bitamin B3. Idan ya gaza za ka ga ƙafafu sun fara gwamewa, yana tafiya kaɗan ya zauna. Bitamin na kaji da ake zubawa a ruwan sha yana magance wannan idan an fara da wuri.

Idan babu uwa, kai ne uwar. A makon farko suna son ɗumi kamar 32 a ma'aunin Salshiyas, a riƙa ragewa da kamar uku kowane mako. Kwali babba da ƙwan lantarki ko fitilar ƙwai a gefe ɗaya ya isa. Ba sai kana da ma'auni ba, su za su gaya maka: idan sun cure a jikin fitila suna kuka, sanyi ne, idan sun gudu gefe suna haki, zafi ya yi yawa, idan sun bazu suna barci, daidai ne. A watan Afrilu da rana ba sa bukatar komai sai inuwa. A Disamba da Janairu kuwa daren ne abin tsoro.

Gargaɗi: mai amfani da kaskon gawayi ya bar kafar iska. Hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki yana kashe su gaba ɗaya cikin dare guda. Kada kuma ka shimfiɗa musu leda ko takarda mai santsi, ƙafafu suna tagewa su rabu. Tsohon buhun algarara ya fi.

Jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ma tana yin fumfuna, su shaƙa ta kama huhu, ka ga suna buɗe baki suna neman numfashi. Wannan ba ya jin magani sosai, sauya shimfiɗa kullum shi ne abin yi.

Daga mako na huɗu ka fara ba su wanka da tsakar rana, minti goma, a ruwa mara zurfi, da bulo ko katako a ciki da za su taka su fito. Kana tsaye. Kafin ka sake su gaba ɗaya, zagaya gidan ka rufe rijiya da bokitai da ramin kwata.

9. Cututtukan da za ka sa wa ido

Agwagwa ta fi kaza ƙarfin jiki. Annobar da ke share kaji da hunturu sau da yawa takan wuce ta bar agwagi tsaye. Amma akwai nata.

Idan ka ga wuya ya saki, ta kasa ɗaga kai, ƙafa da fiffike sun mutu, yawanci ta ci mushe ne ko tsutsar mushe, ko ta sha ruɓaɓɓen ruwan kududdufi lokacin zafi. Ka kulle sauran nan take, ka nemo mushen ka binne da zurfi. Mara lafiyar a sa ta a inuwa a riƙa ba ta ruwa mai tsabta, a tallafe kan don kada ta nutse a mazubi.

Idan manya masu ƙiba suna faɗuwa matattu ba tare da doguwar jinya ba, ga koren zawo, ana zargin kwalarar tsuntsaye. Tana da allurar rigakafi, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana cikin masu yin ta. Likitan dabbobi ne zai tabbatar ya rubuta magani. Kada ka bi shawarar a buɗe kafso a zuba a ruwa.

Babbar ita ce murar tsuntsaye. A watan Fabrairun 2006 aka fara tabbatar da ita a Najeriya, a Jaji ta jihar Kaduna, ta kuma dawo da ƙarfi a 2015. Haɗarin agwagwa a nan shi ne tana iya ɗaukar cutar tana yawo garau, ta shafa wa kaji. Saboda haka mai gonar kaji kada ya ajiye agwagi a cikinta. Waɗanda ke kusa da dausayi, irin na Haɗeja da Nguru inda agwagin daji ke sauka daga Turai da rani su haɗu da kirinjijiya da dinyar daji, su hana na gida zuwa ruwan a wannan lokaci. Idan tsuntsaye suka fara mutuwa da yawa a kwana ɗaya ko biyu, kada a yanka, kada a kai kasuwa, kada yara su taɓa. A sanar da ofishin kula da dabbobi na ƙaramar hukuma.

10. Lissafin kuɗi

Farashi yana sauyawa daga kasuwa zuwa kasuwa, don haka da buhu nake lissafi, kai ka sa kuɗin garinku.

Na farawa: toro ɗaya da mata huɗu, kayan ɗaki da waya, jarka biyu, baho ɗaya, fitila. Na kowane wata: manya biyar a kulle suna cinye kusan buhu ɗaya mai kilo 25, masu fita kiwo kusan rabinsa. Uwa ɗaya tana iya kwanci sau biyu zuwa uku a shekara, musamman idan ka raba ta da 'ya'yan bayan wata guda ka ciyar da ita sosai.

Inda kuɗi ke tafiya shi ne renon 'ya'ya. Namiji ɗaya da aka tsare a kan abincin buhu zalla yana cin kusan rabin buhu kafin ya kai mako 12. A ce uwaye huɗu sun ba ka arba'in a lokaci guda, ka ga buhu nawa ke nan. Wannan lissafin ne mutane ba sa yi. Hanyar da ta fi sauƙi ga mai ƙaramin ƙarfi ita ce buhu a wata na farko kawai, daga nan haɗin gida da ganye da kiwo. Za su ɗauki wata biyar zuwa shida maimakon uku, amma aljihu zai huta. Kada kuma ka bari duka uwayen su kwanta a mako ɗaya idan ba ka da wurin 'ya'yan.

11. Sayarwa da yanka

Mazan za ka fara fitarwa, su ne masu ci, su ne kuma masu kuɗi. Da zarar gashin fiffike ya cika, girma ya tsaya, duk abin da ya ci bayan nan asara ce. Matan ka zaɓi 'ya'yan uwar da ta fi iya kwanci ka ajiye. Idan kana so ka riski kasuwar Kirsimeti da sabuwar shekara da agwagin da ke fita kiwo, to kwancin ya kasance wajen Mayu zuwa Yuni. Ƙwan ma abin sayarwa ne, ya fi na kaza girma da gwaiduwa, masu yin kek suna sonsa. A dafa shi ya nuna sosai kafin a ci.

Wadda ta saba bin kwata, ka tsare ta 'yan kwanaki a kan hatsi da ruwa mai tsabta kafin yanka. Malamai suna da magana a kan dabba mai cin ƙazanta, kuma ko a baki za ka ji bambancin. Daren da za a yanka a janye abinci a bar ruwa.

Figar agwagwa ta fi ta kaza wuya saboda maiƙon gashinta yana hana ruwa shiga. Ruwan ya fi na kaza zafi amma kada ya tafasa, kamar 65 zuwa 70 a ma'aunin Salshiyas, a ɗiga ɗan sabulun wanke-wanke a ciki, a riƙe ta ta ƙafa a yi ta tsomawa ana shafa gashin baibai har ruwan ya kai fata. A fara da fiffike da wutsiya tun da zafi, sannan a babbake ƙananan gashin a wuta. Kafin a sa a tukunya, a yanke ɗan ƙullutun maiƙon da ke saman gindin wutsiya a jefar, mafi yawan ƙarnin da ake kuka da shi daga nan yake fitowa.